Tsuntsu Mai Zobe a Tungar Su Yaya Hajaru

Tun ranar da na dawo daga Kalgo ban huta da tambaya ba. A Islamiyyarmu ta matan aure an tambaye ni, a gidan suna a Malisa an tambaye ni, har mai kawo mana itace ya tsaya a zaure yana tambayar maigidana Malam, wai da gaske ne maiɗakinsa ta je bakin gulbi ta karya sihiri? Ni ban karya komai ba. Ƙudaje na kama, sai kuma tafiyar ƙasa da na sha. Don kada labarin ya ci gaba da ƙiba a bakin mutane, na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru.

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar bazara, ina tsakar gida ina yanka albasar da zan shanya, sai ga wayar Yaya Hajaru. Ita ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta fi shekara talatin tana aure a wata tungar masunta cikin fadamar bayan Kalgo, wurin mijinta Malam Garba. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Balki, ki taho gobe. An yi muna jihwa."

"Subhanallahi! Yaya, jihwa kamar ƙaƙa?"

Da ƙyar na haɗa zancen, don tana yi tana kuka. Malam Garba ya kwana biyar yana zazzaɓi, ba ya ko iya tashi. Da safiyar ranar aka tarar da wani ɗan tsuntsu ya sarƙe a ragar kamun kifin da aka rataya daidai ƙofar ɗakinsa. Da aka ciro shi sai aka ga zoben ƙarfe a ƙafarsa, da rubutu a jiki. Irin tsuntsayen nan ne da kowa a fadama ya sani, masu bin ƙafar shanu. Shanun da ke kusa da tungar kuwa na rugar su Dudu ne.

Dudu na san ta. Bafulatana ce, aminiyar Yaya tun tana amarya, kullum ita ke kawo musu nono. Ita ta zauna da Yaya a haihuwarta ta fari kafin Innarmu ta iso daga Gwandu. Amma mako biyu kafin nan shanunsu sun shiga gonar albasar Malam Garba, aka yi cacar baki, Yaya ta faɗi magana mai zafi, Dudu ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi ba ta sake dawowa ba. Sai ciwo, sai tsuntsu. Mutanen tunga suka haɗa ukun wuri ɗaya.

Akwai waɗanda suka yi boko a can, amma an ce duk wanda ya karanta rubutun kansa abin zai koma, don haka babu wanda ya yarda ya kai ido kusa. Mamman kuwa, ƙanen Malam Garba, ya rantse in aka sauko daga Juma'a zai tara maza su kai tsuntsun ruga, su jefa shi gaban mijin Dudu, a yi wadda za a yi. Duk wanda ya san fadama ya san abin da irin wannan tafiya take haifarwa.

"Ke kin yi boko, kuma kin san addu'a," in ji Yaya. "Ki zaka ki karanta muna."

Da na gaya wa Malam, sai ya ce, "Ki tahi. Amma kada ki bari a kai ki wurin boka, kuma kada ki hwaɗi abin da ba ki sani ba." Ban gaya masa cewa ni ma tsoro nake ji ba.

Da safiyar Alhamis ya raka ni tasha, ya damƙa ni hannun wani direba mutumin Kambaza da ya sani. Motar rabi mutane ce rabi buhunan albasa, kafin mu fita gari hijabina ya gama ɗaukar wari. Mun wuce Dalijan kaɗan taya ta yi faci. Muka sauka muka rakuɓe a inuwar wata bishiyar bedi, wata tsohuwa mai ɗauke da kaji biyu tana ta yi wa direban faɗa, wai tun a tasha ta ga tayar nan ta fi ta tsufa. Ni dai carbi nake ja ina duban rana, ina lissafin saura kwana ɗaya.

A Birnin Kebbi na sauya mota zuwa Kalgo, kuma a nan na haɗu da mutanen da na fara ɗauka ba su da cikakken hankali, Allah ya yafe mini. Mata da miji ne. Matar, Malama Saratu, malamar kimiyya ce, ta sa hijabi har ƙasa, amma ta ɗora malafa a kai kamar mai zuwa noma, ga takalmin kambas, ga wani baƙin madubin hangen nesa mai ido biyu rataye a wuya. Mijin, Malam Bashar, shi ke riƙe da littafi da biro. Wani dattijo da ke gidan gaba ya kasa haƙuri ya waiwayo.

"Ɗiyata, wanga abu na mi ne?"

"Na kallon tsuntsaye ne, Baba."

"Ku kama?"

"A'a."

"Ku harbe?"

"A'a, mu dai mu gani, in hwaɗi suna, maigida shi rubuta."

"To in an rubuta sai a yi mi?"

"Sai baɗi mu komo mu gani ko suna nan."

Dattijon ya dube ta, ya dubi mijin, ya ce, "Allah shi ba ku lahiya," ya juya. Duk motar aka yi dariya, har da su. Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mace na faɗa namiji na rubutawa. A gidanmu in na ce wa Malam ya rubuta mini cefane sai ya ce ai yana riƙewa a ka, ya dawo babu daddawa.

A shingen bincike da ke hanya wani jami'i ya karɓi madubin yana jujjuyawa. Malama ta nuna masa yadda ake sa ido. Ya hango abokin aikinsa can nesa yana ɓoye mangwaro a aljihu, ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce mu wuce. Kafin mu isa Kalgo na ji Malama tana cewa gobe da sassafe za su kasance a babban tafkin da ke gefen kurmin giginya, don yanzu ne baƙin tsuntsaye ke shirin komawa ƙasashensu. Maganar tsuntsunmu ta zo mini har bakin harshe, na haɗiye. Kunya na ji in buɗe wa baƙuwa cikin gidan 'yar uwata.

Daga Kalgo kabu-kabu na hau har bakin ruwa. A nan iyakarmu take, mu mutanen tudu. Na shiga kwalekwale na riƙe gefensa da hannu biyu, na karanta duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa. Mai jirgin yana ta murmushi.

"Hajiya, buɗe ido ki gani."

Na buɗe. Wata saniya ce tsaye a tsakiyar ruwan tana tuƙa, ruwan bai wuce gwiwarta ba.

Tungar su Yaya ba katanga, zana ce kawai, kana cikin gidanka kana jin tarin maƙwabci. Ko'ina hayaƙin bandar kifi ne. Mata na tuƙa jirgi da kansu, suna ɗinkin raga a bakin ƙofa, abin da a Gwandu sai a taru a yi kallo. A wurinmu kifi sai an yi baƙo na musamman, a can kuwa tuwon shinkafar da aka kawo mini sai da na ture kifi gefe kafin in ga miya. Amma furar da Yaya ta dama mini da ruwan tsamiya ta dama ta. Babu nono a gidan. Duk mun san wadda ba ta zo ba.

Na leƙa Malam Garba. Yana kwance ya rame, jikinsa kamar garwashi, ya amsa gaisuwata da ƙyar. A waje Yaya ta ja ni gefe ta ce ba a gaya masa zancen tsuntsun ba, kada tsoro ya ƙara masa ciwo.

Bayan la'asar aka kai ni bayan rumbu. An kife abin da kwando, an ɗora dutse, mutane na kewaye wurin kamar rijiya marar murfi. Mamman na tsaye daga nesa da wasu maza. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na yi bisimilla, na zura hannu.

Ban san abin da na zaci zan gani ba, amma ba wannan ba. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannuna ba, cikinsa rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai, bayansa kore-kore, wutsiyarsa doguwa. Zuciyarsa na bugawa a yatsuna da sauri-sauri. Nan take tsoro ya fita, tausayi ya shiga. Zoben fari ne, siriri, sai da na juya shi wajen haske. Lambobi ne, da wasu haruffa, da wata kalma guda. Na haɗa ta, na sake haɗawa. Ba Turanci ba ce, ba Hausa ba, ba Larabci ba.

"Mi anka rubuta?" in ji Mamman.

Na tuna maganar Malam. Na ce, "Ban sani ba."

"Kun ji ko? Ko 'yar boko ta kasa! Kuma ku duba, kwana biyu ga gero nan bai taɓa ko tsaba guda ba. Wane irin tsuntsu na ba shi cin hatsi?"

Mata suka hau salati. Na zo gyara na ƙara ɓatawa. Amma da na sake duban tsuntsun sai na lura da bakinsa. Ni mai kiwon kaji da tattabaru ce, na san bakin mai cin hatsi, gajere ne mai kauri. Wannan siriri ne kamar allura. Na mayar da shi, na tafi wurin da ake yanka kifi, na naɗe hannun riga, na shiga farautar ƙudaje da mafici. Matar Malam, mai 'ya'ya shida, ga ni durƙushe ina bugun ƙasa, matan tunga na leƙe ta zana. Na tara abin da na samu na zuba masa. Ya ɗan tsaya, ya kaɗa wutsiya, ya cafke ɗaya, ya cafke na biyu, kafin ka ce me ya share su.

"Yunwa ya ka ji, Yaya," na ce. "Aljani ba shi cin ƙuda."

Mamman ya ce wannan ba hujja ba ce. Gaskiyarsa, ba hujja ba ce.

Da asuba bayan mun yi salla na gaya wa Yaya labarin masu madubi. Ta ce ta san tafkin. Muka ɗauki hanya ta kan kunyoyin shinkafar rani, ita tana gaba kamar a tsakar gidanta, ni ina baya ina zamewa. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, sai da Yaya ta zura hannu har gwiwar hannu ta ciro shi.

Mun same su zaune a gindin giginya shiru kamar masu jiran liman. Na buɗe baki zan yi sallama, Malama ta ɗora yatsa a leɓe, ta jawo ni ta sa mini madubin a ido. Wallahi sai da na ja baya. Zalɓen da ke can tsallake ya zo mini har gaban hanci, ina ganin ƙwayar idonsa. Ga kirinjijiya sun cika bakin ruwa suna fito, fuskokinsu farare kamar an shafa musu alli. Ga dinya biyu manya suna tafiyar ƙasaita. Balbela ba a magana. Wata ƙeƙuwa ta gan mu ta hau tsiwa, ta ƙi yin shiru. Ta bayanmu cikin kurmin cilakowa na ta kuka, ga wani shuɗin tsuntsu mai kyau da ya sauko ya ɗauki fara ya koma reshe. Malama na raɗa sunaye, mijinta na rubutawa. Ta tambayi Yaya ko tana ganin gauraka. Yaya ta ce lokacin da aka kawo ta amarya garke-garke suke sauka a nan, yanzu ta manta rabonta da jin kukansu. Malam Bashar ya rubuta wannan ma. Shamuwa kuwa, suka ce, ba ta iso ba tukuna.

Ina juya madubin sai na faɗa kan shanu suna kiwo a gefen tafki. A ƙafafunsu ga 'yan rawayan nan birjik, suna gudu suna kaɗa wutsiya. Na miƙa wa Yaya. Ta duba, ta damƙe hannuna.

"Shanun su Dudu na," ta ce a hankali.

A nan na ajiye kunya na zayyana wa Malama komai. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda haka. Ta ce tsuntsayen nan ƙwari suke bi, waɗanda shanu ke tayarwa daga ciyawa. Ba 'yan nan ba ne, daga ƙasashen sanyi suke zuwa, bayan hamada da teku, kuma cikin 'yan kwanakin nan za su koma. A can akwai masu irin aikinta da ke sa musu zobe, kamar yadda makiyayi ke yi wa saniya shaida a kunne, don a san inda suke zuwa. Kalmar da na kasa karantawa sunan garin masu zoben ne.

Suka biyo mu tunga. Hantsi ya yi, maza sun fara wankan Juma'a. Malam Bashar ya yi wa Mamman bayani cikin ladabi, Mamman na sauraro da fuska a murtuke. Don ta ƙarfafa zancen, Malama ta ciro makullanta ta nuna wani zobe irinsa sak da ke rataye a jiki, ta ce daga ƙafar wani mataccen tsuntsu ta cire shi tun tana ɗaliba.

Mamman ya yi tsalle baya.

"To ga masu abin nan sun kawo kansu! Ku Dudu ta yi haya ke nan!"

Wuri ya kaure. Wannan na faɗa, wancan na faɗa, Yaya na kuka, ni ina ta innalillahi, ina cewa yau na jawo wa bayin Allah bala'i. Ana cikin haka sai muka ji murya daga ɗaki, a shaƙe.

"Hajaru! Hayaniyar mi a wannan a ƙohwata?"

Babu sauran ɓoyo. Yaya ta shiga ta durƙusa ta gaya masa. Muka yi tsit muna jiran salati. Sai muka ji wani sauti kamar tari, ashe dariya ce. Ya sa aka tallafo shi zuwa bakin ƙofa, ya ce a ɗauko masa tsohon gwangwanin da yake ajiye ƙugiyoyi. Ya zazzage shi a kan tabarma, ya tona da yatsa, ya ware zobba uku, sun fi na tsuntsunmu girma, sun yi baƙi don tsufa, kowanne da lambobinsa.

"Na agwagin ruwa na," ya ce. "Ni da Baba munka kama su a tahkin nan, kai Mamman ko tahiya ba ka hwara ba. Munka cinye su da tuwo. Baba har ƙari ya nema, kuma ya shekara tamanin." Ya huta, ya dubi Yaya. "Mi ya hana ku hwaɗa mani?"

"Tausayinka munka ji."

"Tausayina kunka ji, kunka tashi ƙona tunga? Ni sauro ya kashe ni, ku kai ni asibiti. Ke kuma, Hajaru, kin san inda za ki."

Mamman ya tsuguna yana jujjuya zobban, bai ɗago ba. Daga baya shi ya ɗauki yayansa a baya har jirgi, su Malam Bashar suka raka su Kalgo. Kafin su tafi Malama ta kwafe lambar zoben a littafinsu. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne ya yi wa Malam Garba mugun kamu, kuma alhamdu lillahi yanzu har ya koma ruwa.

Ni da Yaya muka ɗauki kwandon, na rufe bakinsa da ɗankwali, muka nufi ruga. Tun daga nesa na gane labari ya riga mu. Babu yara a waje, maza na zaune a gindin itace kowa da sandarsa a kan cinya. Da suka ga mata biyu ne da kwando, sai suka dubi juna.

Dudu na bakin bukkarta tana kaɗa nono. Ba ta tashi ba, ba ta daina kaɗawa ba. Yaya ta durƙusa a gabanta, babbar mace da jikoki, ta ce, "Dudu, na zalunce ki. Ki yahe mani."

Dudu ta ɗago ta dube ta. Sannan ta ce, "Hajaru, shekara talatin nonona na shiga cikinki, da na mijinki, da na ɗiyanki. In cutar ku ni ka so, mi za ya kai ni wahal da tsuntsu?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Ni na buɗe kwandon na nuna wa Dudu, na faɗa mata abin da Malama ta ce, da hamadar da tekun da komai. Ta ajiye abin kaɗin ta leƙa.

"Waɗanga? Tun ina yarinya tare muka kiwo da su. Duk shekara in zahi ya yi sai in neme su in rasa. Ni ina zaton mutuwa su ka yi." Ta sa yatsa ta taɓa zoben. "Ashe gida su ka zuwa."

Ita ta ɗauke shi da hannunta ta kai shi gefen garke ta buɗe tafi. Ya ɗan tsaya kamar bai yarda ba, sannan ya yi fir ya sauka tsakanin ƙafafun wata farar saniya, ya shiga cikin 'yan uwansa, ban ƙara gane shi ba. Dudu ta koma ta ci gaba da kaɗa nononta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Muka yi sallama muka taho, Yaya na share hawaye har gida.

Ranar Asabar da hantsi ina ɗaure kayana, Yaya ta cika mini jaka da bandar kifi, sai muka ji takun mutum a bayan zana. Dudu ce ta shigo ba ko sallama, kamar yadda ta saba. Ta sauke ƙwarya a gaban Yaya, ta buɗe faifai, ta dubi kwanon furar da ke gefe, ta ɗauka ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Tsamiya? Mako biyu wanga abu ki ka ba bawan Allah? Ai dole shi kwanta. Miƙo ludayi."